Ni Na Hura Wutar Wankan Kulu

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar ƙanwata Kulu, a irin wannan wata da ake gama ɗaure gero. Ta rasu da hantsi a tsakar gidan mahaifinmu a Kurgu, tana da kwana ashirin da shida da haihuwa, jikinta yana tururi don ba ta daɗe da fitowa daga wanka ba. Ni na hura wutar wannan wanka. Ni na hura ta jiyansa da ta shekaranjiyansa, tun daga ranar da aka kawo ta gida. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta abin da zan faɗa a kan mutane ya ce Hajo ta fitar da kanta. Ban fitar ba. Ina ciki har wuya.

Sai da na haura shekara arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya zo neman gwanintar alƙalami ya yi haƙuri ya juya shafi, yadda nake magana haka nake rubutu.

Kulu tun tana ƙarama ba ta barin magana ta wuce. A gida Don-mi muke kiranta. A ce kada ta zauna a bakin ƙofa, ta ce don mi. A ce ruwan Kwara ya ja baya bana, ta ce don mi. Mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, ta sha jifanta da ludayi a kan wannan hali, ba ta daina ba. Ku riƙe wannan, don ku san irin yarinyar da muka taru muka rufe wa baki.

An yi mata aure a wani ƙauye bayan Lolo, dab da iyaka. Mijinta Garba manomin shinkafa ne, mutumin kirki, har yau ban ga laifinsa da ya wuce na sauran maza ba. Da naƙuda ta yi tsawo, suka tsallaka da ita wani ƙaramin asibiti a ƙasar Benin, don ya fi duk wani na ɓangarenmu kusa. Ta haifi 'ya mace lafiya. Washegari aka sallame ta. Kulu da bakinta ta ba ni labari: ma'aikaciyar tana da mata wajen goma suna jira, ta yi rubutu a wani kati mai ruwan ɗorawa, ta naɗe, ta soke a zanen jaririya, ta faɗi wata magana da harshensu ta juya. Garba yana jin Dandanci, ita ma ma'aikaciyar tana ji, amma babu wanda ya tsaya ya tambayi wani.

Haihuwar fari ce, saboda haka aka kawo ta gida wanka. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu, sai Gwaggo Tumba, ƙanwar mahaifinmu, ta karɓi jegon. Ni kuma na baro ɗakina a Bagudo na zo na zama mai wuta.

Ba zan tsaya ina zagin jego ba, don ban ga abin da ya fi shi ba a wajen macen ƙauye. Kwana arba'in ba daka, ba surfe, ba zuwa rijiya. A dafa miki, a ɗaukar miki jariri, a kawo miki romon kifi da ƙauri, mata su zagaye ki da hira. Wasu matan ba su taɓa hutawa ba a duniya sai a jego. Amma ga yadda namu yake. Safe da yamma a tafasa ruwa a babbar tukunya har ya yi ƙara, a tsoma ganyen dogon yaro a riƙa fyaɗa wa mace a jiki. Ta fito ta hau gadon ƙasa da aka zuba garwashi a ƙarƙashinsa. A miƙa mata ƙwarya cike da kunun kanwa, mai kanwar da har harshe take ci, ta shanye, a ƙara mata. Duk wannan don abu ɗaya muke yi, kada sanyi ya shige ta. Sanyi shi ne dodon da muka sani. Ba mu san wani ba.

Da aka yi mako biyu, zoben Kulu ya ƙi fita daga yatsa. Ƙafafunta suka ƙi shiga silifa. In na danna da ɗan yatsa sai wurin ya lotsa ya tsaya a haka, kamar tuwon da aka dangwala. Tari ya biyo. Daga nan ta daina iya kwanciya. Da ta miƙe sai numfashi ya tsaya mata a wuya, sai dai ta jingina da buhun gero ta yi barci a zaune.

Gwaggo Tumba ta duba ƙafar ta ce, “Sanyi na. Can asibitin sunka wanke ta da ruwan sanyi awa kifi. Hajo, ƙara icce.”

Na ƙara. Wanka biyu ya koma uku. Kanwa ta ƙaru a kunu. Da labari ya kai wa Garba cewa matarsa ta kwashi sanyi, ya ɗauro amalanke guda na itace ya kawo, duk Kurgu aka yi ta yabonsa, don a wajenmu tulin itacen jego shi ke nuna miji na gari. Ya tsaya a zaure ya ce, “Yaya mai jego?” Muka ce lafiya lau. Iyakar abin da namiji yake tambaya ke nan, iyakar abin da ake ba shi amsa ke nan. Babu wanda ya ƙi Kulu a gidan nan. Da hannu biyu muka yi mata hidima har ta mutu.

Akwai wata rana da ba ta barina. Ina tace kunu, tana zaune tana jujjuya katin nan a hannu. Ta ce, “Yaya, wagga takarda mi tac ce? Don mi sunka ba ni ita?” Tana magana tana tsayawa tsakanin kalma da kalma don ta ja iska. Na ce, “Ke Don-mi, har a jego? Aje ki sha kununki tun da zahi.” Ta ajiye. Ba ta sake tambaya ba. Mai haihuwar fari ba ta ƙorafi, ba ta cewa nan ke ciwo, kunya ce. Mun koya mata wannan, ta kuma koya.

Bayan kwana biyar ta fito daga wankan safe, ta zauna a kan turmi, ta ce in riƙe mata jaririya. Na karɓa. Ko da na juyo ta zame ƙasa.

Mutane suka zo gaisuwa suna cewa kwana ya ƙare. Na yarda, ni musulma ce, babu mai wuce ranarsa. Amma na lura mun iya ɗauko wannan magana mu rufe duk abin da ba mu so a buɗe. Rijiya ta rufta da mutum, a ce kwana ya ƙare, amma a gyara bakin rijiyar. Mace ta kumbura ta mutu a jego, a ce kwana ya ƙare, a wanke tukunya a ajiye wa ta gaba.

Na ɗauki jaririyar, Rabi, na tafi da ita Bagudo na raine ta. Katin kuma na ƙulle shi a leda na sa a ƙasan akwati. Shekara takwas yana nan, duk lokacin da na ɗauko zane sai na gan shi. Shi ya kai ni aji. Na zauna a kan tabarma da jikokin sa'o'ina suna leƙe ta taga suna dariya, na riƙe fensir kamar muciya, shekara uku, har na iya karanta wasiƙa ba tare da na bi da yatsa ba. Ranar da na ga na isa, na kulle ɗaki na kwance ledar. Kowane harafi na san shi. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Na kai wa malamarmu, ta duba ta ce wannan ai Faransanci ne, ita ma ba ta ji. Na yi dariya a gabanta har hawaye suka zubo, ta zaci na taɓu.

Sai a kasuwar Lolo na samu wata mai sayar da atamfa daga tsallake, wadda ta yi makaranta a can. Ta karanta mini a tsaye, masu ciniki suna jiranta. An rubuta ranar da za a koma da mai jego. An jera abubuwan da in an gani kada a jira: zubar jini da yawa, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, kumburin ƙafa da fuska, numfashi yana yankewa. A ƙasa kuma da rubutun hannu, cewa jininta ya ɗan hau, a dawo da ita cikin mako guda a sake aunawa.

Matar ta ce, “An koma da ita?”

Na ce a'a.

Amsar tambayar Kulu tana hannunta tun ranar farko. Ta yi fifita da ita. Ta kore wa 'yarta ƙuda da ita.

Har yau in na tuna ma'aikaciyar nan raina yana ɓaci. Na san aiki ya yi mata yawa, na san ta rubuta abin da ya kamata. Amma ta kalli yarinyar ƙauye da manomi, ta san ba su karatu, ta ba su takarda. Faɗin wannan magana da baki bai kai tsawon ɗaura ɗankwali ba. Kuma kada 'yan ɓangarenmu su ji daɗi, don su ma haka suke yi, da Turanci. Na sha raka mata haihuwa. A yi wa mace tsawa tana naƙuda, ta haihu, a miƙa mata kati a ce ta tashi akwai mai jiran gado. Daga ƙofar asibiti zuwa arba'in, ita da Allah da tsofaffin gidansu.

Nakan tambayi kaina, da Kulu za ta leƙo yau, me za ta ce? Za ta ga titi inda muka san turɓaya. Za ta ga ɗakin shan magani a garuruwan da da babu. Za ta ga waya a hannun kowace amarya, kuma na san wannan zai fi burge ta, abin da za ka tambaya ya ba ka amsa bai jefe ka da ludayi ba. Ina jin za ta ce yanzu kam ba wadda za ta mutu don rashin sani. Ni ma haka na zata. Na sa Rabi a makaranta har ta gama sakandare, ina cewa ita dai ba mai soka mata takarda a zane ta kasa karantawa. Na ɗauka karatu shi ne maganin. Bana na gane ban gama fahimta ba.

Rabi ta haihu watan jiya, 'ya mace, a asibiti a nan ɓangarenmu. A ƙa'ida ɗakina za ta zo wanka. Amma ni an san ni a Bagudo. Tun da aka karanta mini katin nan, duk gidan barka da na shiga sai na faɗi abubuwan nan biyar da ƙarfi, in ce a rage zafin ruwa, a bar kanwa. Har suna aka sa mini, Hajo mai baƙin baki, wai ina kira wa masu jego ciwo. Uwar mijin Rabi, Hajiya Ige, ta aiko cewa surukarta ba za ta je gidan da ba a wanka ba, ita za ta yi mata jego da kanta. Na yi fushi. Na je suna, na zauna kamar baƙuwa, na dawo, na ce ba zan sake taka gidan ba sai an neme ni. Kwana goma na yi ina jinyar zuciyata. Wannan ma laifina ne, na rubuta shi a nan kowa ya gani.

A cikin kwana goman nan ƙafar Rabi ta fara kumbura. Ta karanta katinta, ta gane abin da ya ce sarai. Ta nuna wa Hajiya, Hajiya ta ce sanyi ne, su da suka haifi takwas ba su san kati ba. Ta ji kunyar mijinta. Ta ji tsoron gaya mini don ta san zan tayar da ƙura a gidan aurenta. Sai ta tambaya a guruf ɗin masu jego da take ciki a waya. Daga baya na zauna na saurari amsoshin ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce sanyi ne, ta ƙara zafin ruwa. Wata ta ce iska ce, a yi hayaƙi. Wata ta ce ita ma ta yi, ya tafi da kansa. Mata uku suka turo hoton kwalabe, kowace tana cewa haɗinta na jego shi ne sahihi, a yi mata magana ta gefe. Mace ɗaya tak ta ce ki je asibiti yau, maganarta ta nutse a tsakanin hoton turaren wuta da gaisuwar Juma'a. Kulu ta yi tambaya ba ta samu amsa ko ɗaya ba. 'Yarta ta yi tambaya ta samu amsa fiye da yadda za ta iya ɗauka, kuma a ƙarshe duk wuri ɗaya suka tura su, bakin tukunya.

Ku masu sayar da kwalba ga macen da ke cewa numfashinta yana yankewa, ban san ku ba, amma ku sani ban yafe ba. Gwaggo Tumba ba ta sani ba, kuma ba ta ci ribar kowa ba. Ku fa?

Abin da ya cece mu ba shawarar kowa ba ce. Ranar kwana goma sha bakwai, da safe, Rabi ta turo mini saƙon murya, gaisuwa ce kawai. “Inna, ina kwana. Kin yi... shiru. Jinjira tana... gaishe ki.” Na saurara sau ɗaya. Wannan tsayawar tsakanin kalma da kalma, shekara ashirin da ɗaya ban ji ta ba, amma ko a kasuwa na ji ta zan gane. Ko mayafi ban yafa daidai ba na fita.

Na tarar da tukunya tana tafasa a tsakar gida, Hajiya Ige tana tsoma ganye. Rabi tana zaune a ƙofar ɗaki ta jingina da bango, ƙafa kamar gora. Ban yi sallama ba. Na ɗauki itace na tura tukunyar ta kife, ruwan ya kashe wutar, tururi ya tashi.

Hajiya ta ce, “La ilaha! Hajo, hauka kika yi? A gidana?”

Na ce, “A gidanki. Irin wagga wuta na hura ma uwatta har tam mutu. Ba a hura ma wagga ina da rai.”

“Mai jego ba ta hita kahin arba'in. Iska ta buge ta, wa za ki kama?”

“Ki kama ni. In ta zauna tam mutu, ke wa zan kama?”

“Mu da munka haihu takwas da ruwan zahi, ga mu nan garau.”

“Waɗanda ba su nan garau suna bayan gari, Hajiya. Ba su zuwa suna, shi ya sa ba ki ƙirga su.”

Mijin Rabi ya shigo da gudu ya tsaya tsakaninmu, ya kalli uwarsa ya kalle ni. Tun da aka yi auren ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, suruki ne. Ranar na kalle shi na ce, “Sani, zo ka danna ƙahwar matarka.” Ya yi turus. Na sake faɗa. Ya durƙusa ya danna, ya ɗaga yatsa, ramin ya tsaya. Na ce, “Surukinka Garba amalanken icce ya kawo, don ba mu bari ya gani ba. Kai ka gani.” Ya miƙe. Ya je ya fito da babur. Rabi a tsakiya, ni a baya na riƙe ta, rana tsaka, duk unguwa tana kallon mai jego a titi.

A asibiti aka auna ta, aka saurari ƙirjinta, aka ba ta gado nan take. Suka ce zuciyarta ta gaji, ruwa ya fara taruwa a huhu. Suka ce ciwon yana kama wasu mata bayan haihuwa ko ba su yi wankan zafi ba, amma kanwa da gishiri da zafin nan nauyi suke ɗora wa zuciyar da ta riga ta raunana. Wata ma'aikaciya ta fara faɗa, me ya sa sai yanzu. Na ce da ita, ranar da kuka sallame ta, wa kuka zaunar kuka gaya wa? Uwar mijin da za ta yi jegon tana tsaye a bakin ƙofa da fulas, kun kira ta? Ta ci gaba da ɗaura ruwa.

Da la'asar sai ga Hajiya Ige, jinjira a bayanta, ta kawo ta shan nono. Ta ajiye fulas a gefen gado ba ta kalle ni ba. Ta ce, “Kunu na. Ba kanwa ciki, kada wata ta cinye ni.” Har yau ba ta amsa gaisuwata sosai. Ban damu ba. Ta zauna ta saurari likita har ƙarshe, ta ma yi tambaya biyu, kuma yanzu ita ke tuna wa Rabi lokacin shan ƙwaya.

To me ya rage na Kulu? Ba ta bar hoto ba. Garba ya tsufa, Gwaggo Tumba ta bi ta tun tuni, gadon ƙasan nan an rushe shi. Akwai kati mai ruwan ɗorawa da har yau ban iya karanta shi da kaina ba, amma na haddace shi, kuma zan ci gaba da faɗinsa a gidajen barka ko da za a daina ba ni tabarma. Akwai jinjirar da aka sa wa sunanta. In ta fara magana ta ce don mi, duk wanda ya ce ta yi shiru zai gamu da ni.

An sallamo Rabi bayan kwana tara, kuma ɗakina aka kawo ta, Hajiya da kanta ta ce a kawo. Ana yi mata wanka da ruwa mai ɗumi, ana dafa mata kifi, ba ta ɗaga ko tsinke. Likita ya ce sai an daɗe ana dubawa, ban ce an gama ba. Amma jiya bayan azahar na shiga ɗauko faifai, na tarar barci ya ɗauke ta. A kwance take a kan tabarma, ta miƙe sosai, ba buhu ba bango, matashi ɗaya a ƙarƙashin kai, numfashi yana shiga yana fita ba ya tsayawa a hanya. Uwarta kwana goma sha ɗaya ta yi a duniya tana neman wannan kwanciya ba ta samu ba.

Na manta da faifan. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo har tuwona ya kama a tukunya.